Tarin Da Ya Shigo Ɗakin Jego

A tsakiyar marka na haifi ƴata, haihuwata ta uku, shekarar da ruwa ya yi ta zuba a Matameye har katangar bayan gidanmu ta zauna. Ta zo da sauran kusan wata guda a lissafina. Ƴar mitsitsiya ce, in na shimfiɗa ta a cinyata sai in ga zanen ya fi ta yawa. Ungozomar asibiti ta miƙo min ita ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai a kula da ita sosai domin irinsu ba su da ƙwari. Na ce to, muka koma gida washegari.

Mu shida ne a gidan da jaririyar. Akwai maigidana, wanda yake cin rani a Kano yana ɗinki, da damina kuma ya dawo ya duƙufa a gonar gero. Akwai ƴar farina mai shekara shida, da ƙanenta wanda na yaye da cikin nan, shekararsa biyu da ƴan watanni. Sai Inna, uwar mijina, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta.

Bari in faɗi gaskiya a kan Inna tun yanzu, don kada a ce suruka ce ta samu takarda tana ramuwa. Matar nan ba ta taɓa cutata ba. Tun kafin kiran assalatu take tashi ta hura wuta ta dafa min ruwan wanka, ta tsinko ganyen dogon yaro da hannunta, ta yi min wankan jego har sai jikina ya yi laushi. Ita ke dama min kunun kanwa, ita ke wanke jaririya safe da yamma, ta gasa mata cibi, ta tofa mata addu'a a ka. Uwata ta rasu da daɗewa, kuma ban san abin da za ta yi min ba wanda Inna ba ta yi ba. Ni ce dai Allah ya yi ni da saurin hawa, kuma ɗan lakwal ɗin da na yi, wato karatun boko, bai rage min komai ba.

Abu ɗaya Inna take tsoro a duniya, shi ne sanyi. A wurinta duk cutar da ta kwantar da yaro sanyi ne ya shige shi. Saboda haka tun ranar da na dawo ta gyara ɗakina irin yadda iyayenmu suke gyara ɗakin mai jego. Ta cusa tsummoki a ƴar tagar da ke akwai, ta rataya bargo a ƙofa a kan labule, ta ajiye kaskon garwashi a gefen gado wanda ba ya mutuwa dare da rana. In ka shigo daga tsakar gida sai gumi ya karyo maka. Kowa ya zo barka sai ya yaba, ya ce wannan mai jego ta yi dacen uwar miji.

Ranar suna gida ya cika. Dangin maigida sun zo daga Kurni, nawa daga Icirnawa, kowace mace da ƴaƴanta a gindi. Jaririya kuwa ba ta zauna a hannuna ba sai lokacin shan nono. Wannan ta karɓa ta sa mata albarka, ta miƙa wa waccan, waccan ta sumbace ta ta ce ga hancin ubanta. Haka ake yi, haka na yi wa ƴaƴan wasu. A cikin yaran da suka zo akwai ɗan ƙanwar maigidana, majina har leɓe, yana ta ɗan tari. Wa zai kula? Yaro da majina a marka ai ba labari ba ne. Na gan shi da idona shi da ƴar farina sun sa ƙwaryar fura a gaba suna sha da ludayi ɗaya.

Bayan kwana huɗu ko biyar ƴar farina ta fara atishawa. Ko a jikinta. Tana jan hanci tana tsalle a cikin ruwan indararo, ina daga ɗaki ina yi mata tsawa. Amma ita ce mai rainon ƙanenta tun da na haihu. Ita ke share masa hanci da bakin zanenta, ita ke gutsuro ƙosai daga bakinta ta sa masa a nasa. Ba a yi kwana uku ba sai ga shi da zazzaɓi. Nasa bai tsaya a hanci ba, ya sauka ƙirji. In ya yi numfashi sai ka ji wani siririn fito yana fita, tari kuma ya turnuƙe shi har sai ya yi amai.

Inna ta taɓa goshinsa ta ce, "Ai na faɗa. Sanyi ne ya kama yaran nan, ɗakina yoyo yake yi. A gidan nan kaf ba inda ya kai ɗakinki ɗumi."

Ta naɗo tabarmarsu ta shimfiɗa a gaban gadona, ta ƙara gawayi a kasko, ta sake toshe inda tsumman taga ya ɗan saki. Ni kuma, da wannan bakin nawa, na ce mata, "Allah ya saka da alheri, Inna." Wallahi har daɗi na ji, ga ƴaƴana uku duk a gabana. Kwana uku muka yi a haka, ƙofa a rufe, taga a toshe. Ƴar farina ta sunkuya ta sumbaci jaririya ta sa mata yatsa a tafin hannu. Yaron kuma kishi ya motsa masa, duk lokacin da na ɗora ta a nono sai ya rarrafo ya hau cinyata, ya yi tarinsa a kan fuskarta. Ina ture shi ina dariya, ina ce masa, "Kai, tsohon maye, ai an gama da kai."

A cikin kwanakin nan maigida ya kama mura, yana tafiya gona da ita. Inna ma ta fara tari, irin mai kaurin nan na tsofaffi. Ni kaina na ji maƙogwarona yana kaikayi.

Safiya ta huɗu yaron ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa, ya kwanta lamo idonsa a lumshe. Maigida ya riga ya fita gona. Na ce wa Inna zan kai shi likita. Ta dube ni kamar na ce zan tafi Makka a ƙasa.

"Ke yarinya, kwananki nawa da haihuwa? Mai jego ta fita kafin arba'in? Ƙasar nan jiƙe take sharkaf. Bari in shafa masa man zafi in turara shi, ubansa ya dawo ya kai shi."

"Ubansa sai la'asar, Inna."

"To la'asar ɗin gobe ce?"

Na san in na biye mata za a ji mu a maƙwabta. Na goya jaririya, na yafa mayafi, na saɓa yaron a kafaɗa, na fita bakin hanya na tare mai babur ɗin haya, kabu-kabu. Ina jin Inna a bayana tana salati.

Majo ne ya duba mu, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijo mai tabarau. Ya tsaga yatsan yaron ya gwada zazzaɓin sauro, babu. Ya sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa ya daɗe yana ji. Ya ce ƙirjin ya kamu amma da sauƙi, ya rubuta maganin zazzaɓi, ya ce in dinga ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan ko yana ƙi, in kuma dawo da shi in numfashin ya ƙaru. Har na miƙe sai ya hango ƴan ƙafafu a bayana.

"Wannan fa, kwananta nawa?"

"Goma sha takwas."

"A ina take kwana?"

Na gaya masa, har da ɗan alfahari, yadda muka tara su a ɗaki mai ɗumi. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce in koma in zauna.

Ya ce min wannan ba sanyi ba ne. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana cikin majina da yawu, tana fita da tari, tana manne wa hannu da zane da ludayi. Babba in ya kama, mura ce ta kwana biyu, shi ya sa ba ya zama wuri ɗaya, yana yawo yana raba ta. Yaro ƙarami sai ta sauka masa ƙirji. Jariri kuwa hanyoyin numfashinsa sirara ne ƙwarai, majina kaɗan ta isa ta toshe su, balle wadda ta zo kafin lokacinta. Na ce to ya yi mata allura tun yanzu mana. Ya girgiza kai ya ce ba shi da allurar da ke kashe ta. Abin da za a iya shi ne a raba jaririyar da duk mai tari, a buɗe ɗaki iska ta shiga, a fitar da hayaƙin garwashi, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ta, ni kuma kada in daina ba ta nono ko da na kamu.

Na ce, "Majo, ai kwana uku ke nan suna tare."

Ya ce, "Na ji. Mai yiwuwa ta riga ta ɗauka, mai yiwuwa ba ta ɗauka ba. Kwanto ta."

Na kwanto ta, ya buɗe ƴar rigarta ya ɗora yatsansa a ƙasan haƙarƙarinta. Ya ce kullum in buɗe nan in duba. In na ga wurin yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi, ko ƙofofin hancinta suna buɗewa, ko ta kama nono ta saki ta kasa, ko ta yi shiru numfashin ya tsaya, to in taho. "Kada ki jira mijinki. Kada ki jira ruwa ya ɗauke."

Tun a kan kabu-kabu na yanke abin da zan yi, kuma na san ba zai yi daɗi ba. Ina shiga gida na kwantar da yaron a rumfa, na wanke hannuna har gwiwa, na shiga ɗaki na naɗe tabarmar yara na fito da ita. Na koma na fizge tsummokin taga. Na ɗauko kaskon garwashi na kai shi madafi. Inna tana tsaye da muciya a hannu tana kallona.

"Lafiya? Me aka ce miki a can?"

Na zayyana mata duk abin da majo ya faɗa, a hankali, da ladabi, Allah shaida ne. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato yaro mai sanyi a ƙirji a fitar da shi daga ɗumi, jaririya kuma a buɗe mata taga a marka. Wannan shi ne maganin?"

"Shi ne, Inna."

"To Allah ya kyauta."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma yamma ta yi, lokacin wankan jaririya. Inna ta sirka ruwa a baho kamar kullum, ta zo bakin ƙofata ta ɗaga labule, ta juya kai ta yi tarinta a tafin hannu, sannan ta miƙo min hannayen nan biyu. Na dubi hannayen, na dubi ƴata. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. A garinmu matar ɗa ko sunan uwar miji ba ta kira, balle ta hana ta jikarta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Inna, ki yi haƙuri. Ni zan yi mata. Sai tarinki ya warke."

Ta yi kamar ba ta ji ba. "Miƙo ta, ruwa na hucewa."

"Ba zan miƙo ba, Inna."

"Hannun da ya wanke ubanta? Shi ne yau ya zama cuta?" Ta ƙara miƙo min hannayen. "Ke har nawa kike? Tara na haifa. Uku na binne da zanen goyonsu, duk sanyi ne ya ɗauke min su. Abin da na guje miki ke nan, shi ya sa nake tashi cikin ruwa ina hura wuta."

A nan ne ya kamata in yi shiru. Na sani, tun a lokacin ma na sani. Amma tsoro ya cika min ciki, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi. Sai na ji bakina yana cewa, "Wa ya sani, Inna, ko rufe su a ɗakin ne ya ɗauke su? Ni dai ba zan binne tawa ba."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta sauke hannayenta a hankali, ta saki labulen, na ji takunta har ɗakinta.

Maigida ya dawo ya tarar da uwarsa ta ƙi cin tuwo. Ya zo ƙofata ransa a ɓace, yana shirin shigowa, na ce ya tsaya daga nan, ga buta ga sabulu, kuma da murar nan tasa ko ya wanke ba zai ɗauke ta ba.

"Ni ma? Ke wai me ya shiga kanki? Uwata za ki gaya wa magana irin wannan?"

"Maganar da na gaya mata ban kyauta ba, zan ba ta haƙuri har gwiwa a ƙasa. Amma ɗakin nan ba mai tari da zai ƙara shiga. In sakina za ka yi, ka bari ta yi arba'in tukuna."

Ya tsaya yana huci. Bai ce na yi daidai ba, har yau ma bai taɓa cewa ba. Ya dai ɗauki tabarma ya koma zaure da kwana.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa yin masu wuya irinsu ba. Na ware zane biyu, ɗaya na ciki, ɗaya na waje. In zan je wurin yaron sai in ɗaura na waje, in ba shi magani, in rungume shi, sannan in cire, in wanke hannu da fuska, in ɗaura na ciki in koma. Shi ina zai gane wannan? Jiya yana kwana a gaban gadona, yau an ja masa labule. Yakan zo bakin ƙofa ya zauna a ƙasa yana kuka yana tari yana miƙo hannu, ni kuma ina ciki da nono a bakin ƙanwarsa ina ce masa, "Ina zuwa, ina zuwa." Na yi kuka a kwanakin nan fiye da na naƙuda. Ƴar farina kuwa na yi mata jan ido sau ɗaya, ta koma leƙe ta taga.

Mata masu zuwa gaisuwa su ma na tare su da buta. Wasu suka wanke suna dariya, wasu suka juya. Wata maƙwabciyarmu ta ce da ƙarfi don in ji, "Ikon Allah! Ko zinariya aka haifa a gidan nan?" Na leƙo na ce mata, "Ƙwarai kuwa, kuma ba ta taɓawa ba ce." Ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba, ni ko oho.

Inna ba ta yi min magana ba. Na je na durƙusa a ƙofarta na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai," irin ba komai ɗin da ya fi komai. Amma ko sau ɗaya ba ta fasa dafa min ruwa ba. Da asuba sai in tarar da shi a bakin makewayi da ganyen a kai, in yi wankana ni kaɗai. Ita ce kuma ta goya yaron a bayanta tana zagaya tsakar gida da shi har ya yi barci, tana tari yana tari. A hannunta ya warware, rana ta uku ya karɓi kunu ya shanye.

Na fara cewa a raina mun tsira. Sai rana ta huɗu jaririya ta yi atishawa, ƴar ƙarama, har da ban dariya. Da yamma hancinta ya toshe. Na buɗe riga na duba, haƙarƙari lafiya. Washegari da safe na ɗora ta a nono, ta kama, ta ja sau biyu ta saki tana haki. Na sake ba ta, ta sake saki. Na kai ta bakin taga inda haske yake na buɗe rigar. Wurin da majo ya ɗora yatsa yana shiga yana fita, yana shiga yana fita, har rami yake yi.

Ruwa ake yi a lokacin kamar da bakin ƙwarya, shi ya hana maigida tafiya gona. Na goya ta na fito. Ya taso daga zaure ya ce, "Ki bari ya ɗan tsagaita mana, ba mai babur da zai fito a wannan ruwa."

"An ce kada in jira ka, kuma kada in jira ruwa. In za ka zo ka zo."

Ya dubi fuskata, ya fizgi ledar da yake rufe keken ɗinkinsa da ita, ya biyo ni. Muka ratsa ta bayan kasuwa, ruwa har ƙwauri, yana riƙe da ledar a kanmu shi yana jiƙewa. Ina jin numfashinta a bayana, gajere-gajere. Muna daf da kwanar asibiti sai na daina ji. Na tsaya cak, na kwanto ta a tsakiyar hanya. Leɓenta ya canza launi, jikinta ya saki. Na murza bayanta, na murza tafin ƙafarta, ina ihu, "Ke! Ke! Wallahi ba ki isa ba!" Ta ja wani numfashi mai ƙara. Daga nan gudu muka yi.

Ba su tsaya tambayarmu takarda ba. Majo ya karɓe ta, aka kwantar da ita, aka zuƙe majinar hancinta, aka sa mata siririyar roba mai kawo iska daga wani inji da ke gefen gado. Aka zura wata robar ta hanci har ciki, aka ce ta nan za ta riƙa shan nono tunda ba ta da ƙarfin ja. Wata ma'aikaciya ta miƙo min kofi ta ce in tatsa. Na tambayi majo ko za ta rayu. Ya ce, "Kin zo da wuri. Sauran na Allah ne, amma ki sani yau da gobe abin zai ƙaru kafin ya ragu."

Ɗakin cike yake da mata irina, kowace da ɗanta da irin tarin nan. In muka yi hira sai ka ji labarin iri ɗaya ne, babban ne ya fara, sai mai bi masa, sai na goye. Matar da ke gado kusa da nawa daga wani ƙauye ta zo a amalanke, bayan ta yi kwana biyu tana jiran hanya ta bushe. Rana ta biyu da hantsi aka cire wa ɗanta robar, rai ya yi halinsa. Ta naɗe shi a zane, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ta fita. Na bi ta da Allah ya ba da haƙuri.

A ranar maigida ya kawo abinci, ya zauna a bakin baranda yana murza hularsa. Da na matsa masa sai ya ce mata a unguwa suna ta magana, wai ni na jawo, na buɗe wa jaririya taga, na fitar da ita cikin ruwa ba ta yi arba'in ba. Na ce, "Su faɗa. In ta mutu ma su zo su faɗa min a fuskata. Ni na san kwana ukun da suka jawo, kuma ni na yi godiya da aka shimfiɗa tabarmar." Na karɓi kwanon na koma ciki. Da na buɗe na ga kunun kanwa ne, da kauri irin yadda nake so. Na san hannun da ya dama shi.

Ba abin da nake iya yi mata sai tatsa, don haka na tatsa. Ko nonon ya zo ko bai zo ba, in lokaci ya yi sai in zauna in matsa har sai na ga abin da za a zuba mata. Ma'aikaciyar ta ce in ɗan kwanta, na ce sai na koma gida. Na ci duk abin da aka kawo min ko ba na jin yunwa, don kada ruwan ya ƙafe. Idona kuwa yana kan ramin nan na ƙasan haƙarƙari, har na san zurfinsa fiye da yadda na san fuskarta.

Rana ta uku ramin ya ragu. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron bakina. Safiya ta huɗu ina gyara mata zane sai ta juyo da kai tana buɗe baki tana lalube a hannuna. Na kira ma'aikaciyar, ta duba, ta ce in gwada. Na ɗora ta, ta kama. Na ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, ina jiran ta saki. Na kai ashirin ba ta saki ba, sai na daina ƙirgawa hawaye suka zubo.

Ina cikin haka na ji tari a bayan taga, tarin da na sani. Na ɗaga kai. Inna ce a tsaye a waje cikin yayyafi, ta lulluɓa da tsohon mayafinta, ta ja baya da tagar kamar taku uku. Da ƙafa ta zo, duk taɓo a zanenta.

Na ce, "Inna! Ki zagayo ta ƙofa ki shigo."

Ta girgiza kai. "Tarina bai gama sauka ba. Ɗago min ita in gani daga nan."

Na zare ta daga nono na ɗaga ta saitin taga, da robar a hancinta. Inna ta daɗe tana kallo.

"Tana kamawa?"

"Yanzun nan ta kama, Inna."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, ba ni take kallo ba, ƙirjin yarinyar take kallo, "Na ukun nawa, haka haƙarƙarinsa ya yi ta yi. Kwana biyu. Na rufe ƙofa na ƙara masa wuta." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ba wanda ya gaya min."

"Inna, don Allah ki yafe min."

"Mayar da ita, yarinya. Ba ki ga tana nema ba?"

Na zauna a bakin gado na mayar da ita, ta kama. Inna ta tsaya a wurin cikin yayyafi har ta ƙoshi.